Keken Tsere Ko Keken Kaya: Wanne Ya Dace Da Doguwar Tafiya?

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Jama'a masu saurarenmu na Ikara da Makarfi da Kudan, da na garuruwan da ke kewaye da su, tun daga Paki da Auchan da Kurmin Kogi har zuwa Gubuchi da Gimi da Hunkuyi da Likoro, barkanmu da warhaka.

Mas'alar da za mu duba yau ta shafi keke. Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, da gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na acaɓa suka yi tashin gwauron zabi, dattawa da yawa waɗanda suka daɗe da jingine kekunansu a zaure ko a bayan rumbu sun koma sun kakkaɓe musu ƙura, samari kuwa, waɗanda ba su tashi da irin keken iyayensu ba, sai hankalinsu ya fi karkata ga kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga ƙasashen Turai, musamman irin na tsere, masu siririyar taya da lanƙwasasshen kai. Daga nan tambaya ta taso, wadda ake yawan jin ta a rumfar masu gyara: mutumin da ya ƙudurta doguwar tafiya da kaya a bayansa, ko don ziyarar dangi, ko neman ilmi, ko kai ɗan amfanin gona kasuwa mai nisa, shin ya gyaggyara keken tseren da ke hannunsa ne har ya dace da tafiyar, ko kuwa ya nemi wanda tun asali aka ƙera shi domin ɗaukar nauyi?

Kafin mu shiga bayani, ya kamata mu daidaita a kan abin da muke nufi da doguwar tafiya, domin wanda zai leƙa daga Hunkuyi zuwa Zariya ya dawo kafin azahar, hannunsa na dukan cinyarsa, kowane keke ya hau zai kai shi. Malamanmu na fiƙihu a mazhabar Malikiyya sun riga sun ba mu ma'auni mai kyau, inda suka ƙayyade tafiyar da ake yin ƙasarun salla a cikinta da mil 48, watau kilomita 80 da 'yan kai a lissafin yau. To, wannan ita ce irin tafiyar da muke magana a kanta, da abin da ya fi ta, kamar tsakanin Zariya da Kano, wajen kilomita 150, inda lalle ne matafiyi ya ɗauki ruwa da guzuri da tufafi da kayan gyara, wataƙila ma ya kwana a hanya.

Shi wannan keke da muka sani, mai ƙafafu biyu daidai wa daida da sarƙa mai juya ta baya, wani Bature ne mai suna John Kemp Starley ya fito da siffarsa a birnin Coventry na Ingila a shekarar 1885, bayan shekara 3 kuma wani likitan dabbobi, John Boyd Dunlop, ya haɗa masa tayar da ake hura wa iska. Da keken ya iso ƙasar nan a zamanin Turawa, sai ya zama abin hawan malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa, har lasin ake yankar masa. Wanda ya fi shahara shi ne na kamfanin Raleigh na birnin Nottingham, kamfanin da daga baya ya kafa masana'anta a Kano, sannan Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka biyo baya a kan siffa guda: baƙin ƙarfe mai nauyi, da birkin sanda, da faffaɗar kariya, da giya ɗaya tak. Abin lura a nan shi ne, tun da wannan keke ya shafe shekaru masu yawa a hannun manoma da fatake, kusan babu wata kasuwar ƙauye a ƙasar Zazzau da za ka rasa tayarsa ko sarƙarsa ko wanda ya san ciwonsa a cikinta, kuma wannan magana ku riƙe ta, don a kanta hukuncin mas'alar tamu zai tsaya.

Keken tsere kuwa, maƙeransa abu ɗaya suka sa a gaba, shi ne gudu a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, saboda haka duk abin da zai ƙara nauyi sun cire shi, duk abin da za a iya sirantawa sun siranta, har sai da hukumar tseren keke ta duniya ta sa doka cewa kada keken gasa ya gaza kilo 6.8, alhali kuwa keken kaya irin na iyayenmu yakan kai wajen kilo 20. Misalinsu kamar dokin sukuwa ne da jakin fatake: ranar hawan salla ba wanda zai dubi jaki, amma wanda ya aza wa dokin sukuwa mangala ya nufi Kano da shi, ya zalunci dokin, ya kuma wahalar da kansa. Ba aibi ba ne ga keken tsere a ce bai iya kaya ba, tun da ba don haka aka yi shi ba; abin da ya rage shi ne mu duba gaɓa gaɓa, mu ga inda gyara yake amfani da inda ba ya yi.

Mu fara da taya, domin ita ce take taɓa ƙasa. Faɗin tayar keken tsere yawanci milimita 23 ne zuwa 28, watau kaurin babban yatsa ko ɗan fiye, ta keken kaya kuwa takan kai milimita 38 ko 40. Siririyar taya ba ta ɗaukar mutum sai an ɗura mata iska mai tsanani, wadda ta ninka ta tayar ƙaramar mota kamar sau 3, shi ya sa a kan kwalta take gudu kamar ba ta taɓa ƙasa. Amma wanda ya san hanyoyinmu ya san cewa da zarar an sauka daga titi an kama burtali zuwa ƙauye, ba abin da za a tarar sai rairayi da tsakuwa da kwazazzabo da rani, da damina kuma taɓon fadama mai danƙo. A cikin rairayi siririyar taya nutsewa take yi ta kayar da mai ita, a kan tsakuwa ta girgiza shi har hannuwansa su yi sanyi, a cikin taɓo kuma, da yake ratar da ke tsakaninta da birki ba ta fi ƙwayar gero biyu zuwa uku ba, sai laka ta cushe wurin ƙafar ta ƙi juyawa. Ga kuma tsidau, wanda yake shimfiɗe a gefen kowace hanya bayan kaka, da ƙayar bagaruwa, waɗanda sukan huda siririyar fatar tayar tsere cikin sauƙi.

Akwai wani tarko a nan wanda ya kamata kowa ya sani. Tayar keken kaya ana ce mata mai inci 28, ta keken tsere ma a wasu ƙasashen Turai inci 28 ake rubuta mata, sai mutum ya ɗauka ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce. Rim ɗin keken kaya milimita 635 ne, na tsere kuwa 622, kuma wannan bambanci na milimita 13 ya isa ya hana ɗaya zama a kan ɗaya. Wanda yake so ya tabbatar, ya dubi gefen tayarsa, zai ga lambar a rubuce. Haka kuma bawul ɗin keken tsere siriri ne, mai ɗan noti a kansa, kuma famfon da aka saba da shi a kasuwanninmu ba ya kama shi sai da wani ɗan mahaɗi da ake ɗaura masa.

Ku kwatanta a ranku mai faci a gindin bishiya ranar kasuwa, da kwanonsa na ruwa da ya yi baƙi, da gwangwanin sholisho, da famfo jingine a jikin benci. An kawo masa keken kaya, kafin mai shi ya gama gaisawa ya zare robar ciki, ya hura, ya tsoma ta a ruwa yana juyawa har ya ga inda kumfa ke tasowa, ya soka tsinke a wurin don kada ya ɓace masa, ya kankare, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska, ya manna faci ya danne da gindin sifana. In tayar ce ta yage, ga sabuwa rataye a reshe. Sai ga mai keken tsere ya turo nasa, tayar ta tsage a gefe. Mai faci ya juya ta, ya duba abin da ke rataye, ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan kam sai Zariya ko Kano.” To, jama'a, wanda wannan ta same shi a tsakanin Gubuchi da Ikara da la'asar sakaliya, gudun da keken ya yi masa da safe bai amfane shi da kome ba.

(KIƊA KAƊAN)

Masu saurare, har yanzu muna kan maganar keken tsere da keken kaya. Bayan taya sai wayoyin ƙafa, waɗanda mutane ba su cika kula da su ba, alhali su ne suke ɗauke da mahayi da kayansa baki ɗaya. Keken da aka yi domin kaya yawanci waya 36 gare shi a kowace ƙafa, tsofaffin na Ingila ma har 40 ake sa musu a baya, na tsere na zamani kuwa sau da yawa 20 ne zuwa 28. Hikimar yawan wayoyi ita ce, nauyi yana rarrabuwa a kansu, ta yadda idan ɗaya ta tsinke a cikin 36, ƙafar takan ɗan karkace kaɗan, mutum ya sassauta birki ya lallaɓa har inda mai gyara yake. Amma idan ɗaya ta tsinke a cikin 20, da yake kowace tana ɗaure tamau kuma tsakaninta da 'yar'uwarta da nisa, sai rim ya goce ya riƙa gugar birki ko jikin keken, tafiya ta tsaya. Kuma ƙafar baya ita ta fi shan wahala, don a kanta yawancin nauyin mahayi yake tun kafin a aza kome.

Sai bodi da kariya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Makarfi a lokacin saran rake ya ga abin da keken kaya yake iya yi: dami guda mai kauri an gicciya shi a kan kariya, an ɗaure da tsohuwar robar taya, bakinsa biyu suna rinjaya ƙasa, mai keken kuwa, in hanya ta yi kyau ya hau, in ta ɓaci ya sauka ya dafa sirdi da hannu ɗaya, kai da ɗaya, yana turawa. Abin da ya sa keken yake jure wannan shi ne, kariyarsa tana zaune a kan ƙarfen da ya ratsa cibiyar ƙafar baya, bodinsa kuma baƙin ƙarfe ne mai kauri, wanda ko ya tsage, mai walda na bakin kasuwa zai haɗa shi a ci gaba da tafiya. Keken tsere kuwa sau da yawa ba a yi masa ko hujin da za a ɗaura kariya ba, bodinsa kuma ko dai na alminiyam ne, wanda waldarsa take bukatar na'ura ta musamman, ko kuma na zaren kabon da aka daskarar da ƙaro, wanda ba ya walduwa ko kaɗan, bal ma matse shi da maɗaurin ƙarfe yana iya fasa shi ta ciki ba tare da ido ya gani ba.

Ko da an yi dabara an ɗaura kariyar, akwai sauran magana. Tsawon da ke tsakanin gindin feda da cibiyar ƙafar baya a keken tsere wajen santimita 41 ne, a na doguwar tafiya kuwa wajen 45. Wannan tazara ta yatsu biyu ita ce take sa wanda ya rataya jakunkuna a gefen keken tsere ya ji dunduniyarsa tana bugun jaka a kowane taki, in kuma ya ja jakar baya don ya kauce wa haka, sai nauyi ya koma bayan ƙafa, gaba ya yi sakayau, kan keken ya riƙa rawa, musamman a gangara ko in babbar mota ta wuce da iskarta. Ga shi kuma zaman keken tsere a sunkuye ake yinsa, wanda yake da amfani ga mai gasar sa'a biyu ko uku, amma ga wanda zai wuni a kan sirdi, wuya da ƙugu da tafin hannu su ne za su ba da labari da dare.

Game da giya kuwa, a nan dole a yi adalci, domin a nan ne keken iyayenmu yake da nasa rauni. Lissafin ba shi da wuya. Idan farantin gaba yana da haƙora 44, na baya yana da 18, kamar yadda aka saba gani a keken kaya, kowane zagaye ɗaya na feda yana tura keken wajen mita 5 da rabi, ko a kan tudu ne, ko a gangara, ko da kaya, ko babu. Keken tsere yana da giya da yawa, amma yawancinsu na gudu ne: mafi nauyi tana iya kai mita 10 a zagaye guda, mafi sauƙi kuma, a tsofaffin da suka fi yawa a gwanjo, ba ta sauka ƙasa da mita 3 da 'yan kai. Keken da aka ƙera musamman domin doguwar tafiya kuwa, mafi sauƙin giyarsa ba ta kai mita 2 ba, ta yadda mutum zai hau tudu da kaya yana zaune, a hankali, ba tare da ya cutar da gwiwarsa ba. Wani zai ce ai ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ina tudun? Amsa ita ce, iska ma tudu ce ga mai keke. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka wanda ya fito daga Tashar Yari ya nufi Kano, a fuska zai riƙa karɓarta wuni zubur, kuma a wannan rana zai san darajar giya mai sauƙi. Mai keken kaya yana da magani mai araha, shi ne ya sa mai gyara ya canza masa farantin baya daga haƙora 18 zuwa 20 ko 22, a ƙara wa sarƙa gaɓa, sai takin ya yi laushi, ko da yake gudu zai ragu.

To, bayan duk wannan, shin mun ce ke nan mai keken tsere ya haƙura da tafiya? A'a. Wanda yake da shi a hannu, kuma tafiyarsa a kan kwalta take daga farko har ƙarshe, kayansa kuma ba su wuce kilo 8 zuwa 10 ba, yana iya gyara shi ya yi masa hidima. Ya sa masa taya mafi faɗi da bodin zai karɓa, wadda a yawancinsu milimita 28 ce, ya tabbatar akwai 'yar rata ta kowane gefe. Ya nemi ƙafar baya mai waya 32 ko 36. Ya ɗaga kan keken gwargwadon yadda zai ɗagu. In zai samu, ya sa farantin baya mai haƙora da yawa. Kayansa kuma, maimakon kariya, ya raba su ƙananan ƙunshi uku, ɗaya a ƙarƙashin sirdi, ɗaya a cikin kusurwar bodi, ɗaya a jikin kai, kada ya goya jaka mai nauyi a bayansa cikin zafin rana. Sannan lalle ne ya tafi da robar ciki guda biyu da taya ɗaya ta ajiya da famfon da ya dace da bawul ɗinsa, tun da ya riga ya san ba zai same su a hanya ba. Amma fa ya zauna ya yi lissafi tukuna, domin idan kuɗin ƙafa da taya da giya suka taru suka kusa kuɗin wani keken sukutum, to, gyaran ya fita daga babin tattali ya shiga babin israfi, kuma bayan an kashe kuɗin, bodin yana nan yadda yake, bai ƙara tsawo ba, bai ƙara ƙarfi ba.

Wanda kuwa kayansa suka kai kilo 20 ko fiye, ko hanyarsa za ta bi ta burtali da fadama, ko tafiyar ta kwanaki ce, maslaharsa tana ga keken da aka yi don wannan aiki. A Turai da Amurka akwai irin da ake ƙerawa musamman domin masu yawon duniya, mai bodin ƙarfe da hujin kariya gaba da baya da giya mai sauƙi, nauyinsa kilo 13 zuwa 15, kuma akan ci karo da shi jefi-jefi a cikin na gwanjo. Alamarsa ita ce kai lanƙwasasshe kamar na tsere, amma taya mai faɗi, faranti uku a gaba, da ƙananan huji kusa da cibiyar ƙafafu. Wanda ya same shi da lafiyarsa ya yi sa'a, sai dai ya tuna cewa sau da yawa rim ɗinsa 622 ne, maganar taya ta ajiya tana kansa shi ma. Wata ƙungiya mai suna World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, da ta tashi ƙera keke domin karkarar Afirka, ta sa masa suna Buffalo, ba ta bi siffar na tsere ba, sai ta koma ga ƙarfe mai kauri da kariya mai ɗaukar kilo 100, watau dai abin da manomanmu suka daɗe da ganewa. A tsakanin waɗannan kuma akwai keken hawan dutse, mai taya inci 26 da giya mai sauƙi, wanda ya yawaita a kasuwanninmu har kayan gyaransa ba su da wuyar samu. Tsohonsa mai bodin ƙarfe, marar sifirin a baya, in aka sa masa kariya mai ƙwari, yana daga cikin mafi dacewa da matafiyi mai ƙaramin ƙarfi. Keken kaya na gargajiya shi ya fi kowanne sauƙin gyara da juriyar nauyi, aibinsa dai nauyin jiki, da giya ɗaya, da birkin da ba ya kamawa sosai in rim ya jiƙe da ruwan sama.

Akwai abin lura a labarin wani ɗalibi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, wanda a watan Mayu na 2023, da ya rasa kuɗin jirgi, ya hau keke da niyyar zuwa Jami'ar Azhar ta Misira neman ilmin addini. Ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Binin da Nijar har ya isa Cadi, tafiyar kimanin kilomita 4,000 cikin wata 4, inda wasu bayin Allah da suka ji labarinsa suka biya masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira, jami'ar kuma ta karɓe shi ta ɗauki nauyin karatunsa. Abin da ya hau tsohon keken hawan dutse ne na hannu, kayansa kuma ba su taka kara sun karya ba. Ba muna kiran kowa ya jefa kansa cikin irin haɗarin da ya shiga ba ne, domin an tsare shi fiye da sau ɗaya a hanya. Abin da muke so ku gani shi ne, keke mai ƙwari wanda kowane mai gyara ya san shi, da kaya marasa nauyi, su ne suka ratsa da shi ƙasashe shida.

Kowane irin keke mutum ya zaɓa, akwai haƙƙin tafiya da ba ya faɗuwa, domin tawakkali ba ya hana riƙo da sababi. Ya tafi da famfo da faci da sholisho da sifana da 'yan wayoyin ƙafa na ajiya. Ya tuna cewa kowace lita ta ruwa kilo guda ce, ya lissafa ta cikin kaya, kada kuma ya rage ta don neman sauƙi. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa-ƙasa, dama da hagu su daidaita. Da hunturu kada ya yawaita wa sarƙa mai, domin mai da ƙura in suka haɗu cinye ƙarfe suke yi. Ya ɗiga kaɗan ya goge da tsumma. Ya sammako bayan sallar asuba, ya huta in rana ta take, ya nemi masauki kafin magariba, kada ya yi tafiyar dare, ya kuma tambayi mutanen gari labarin hanyar da ke gabansa kafin ya shige ta. A kan babban titi ya riƙe gefen damansa, ya sa tufa mai haske da hular kwano, kada ya gicciya kaya mai faɗi inda manyan motoci ke wucewa. Hausawa sun ce sannu sannu kwana nesa, sun kuma ce sauri ya haifi nawa.

A taƙaice, jama'a, wanda zai yanke hukunci a wannan mas'ala ya tambayi kansa abu uku: nawa ne nauyin kayana, wace irin hanya zan bi, kuma in wani abu ya lalace, shin mai gyaran da ke kasuwa mafi kusa yana da shi? In kayan kaɗan ne, hanyar kwalta ce, ya kuma tanadi abin da ba a samu, ya gyara na tseren ya hau. In ɗaya daga cikin ukun ta saɓa, ya sayar ko ya yi musaya ya nemi mai ƙwari. Kuma kafin ranar tafiya, ya ɗaura kayan duka kamar yadda zai tafi da su, ya gwada wata gajeriyar hanya da ya sani, kamar daga Makarfi zuwa Tashar Yari ya dawo, domin notin da zai kwance da wayar da za ta tsinke gara su nuna kansu kusa da gida.

A nan za mu dakata. Allah Ya kiyaye matafiya, Ya kai kowa inda ya nufa, Ya dawo da shi ga iyalinsa lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)